Yadda Za Ki Ceci Ɗakin Baya da Kofi Biyu na Ruwa

Ke da kika gama jami'a kika dawo gida da digirin haɗa sinadarai, har yau kuma ba a tuna amfaninki sai in za a karanta takardar magani, matso kusa. In kika bi wannan jagora ba tsallake, tabbas ɗakinki zai tsira, gidanku kuma zai shiga taitayinsa.

An gwada shi a kan wata da 'yan gidansu suke kira Furofesa, ba don girmamawa ba. Tana da ɗan ɗaki a bayan gida, mai taga ɗaya da tebur mai gajeriyar ƙafa, inda take ajiye littattafai da kwalabenta. Yayanta mai gyaran firji ya sa wa ɗakin ido, yana so ya jera matattun firjinsa a ciki. Baba ya ce ta nuna wa jama'a abin da take ƙullawa a can, in ba haka ba ta miƙa makulli.

1. Ki haɗiye, amma kada ki manta

Kullum da safe Yaya yakan leƙo ta taga ya ce, "Furofesa, an gano maganin tsufa ko mu dawo gobe?"

Kada ki tanka. Ki gyara zaman tabarau, ki juya shafi, ko da littafin a juye yake. Furofesa ta jure wannan. Ta jure ranar da maƙwabciya ta kawo mata rediyo ta gyara, wai tunda ta yi kimiyya. Ta jure ranar da aka shanya wanki a kan farar rigarta ta ɗakin gwaji. Mai ilimi ba ta cacar baki a tsakar gida. Tarawa take yi.

2. Ki zaɓi sinadarai masu dogon suna

Biyu kawai kike bukata. Na farko kalsiyam kuloraid, fararen ƙwayoyin nan da ake sawa a durowa su shanye laima. Na biyu sodiyam haidiroksaid, wato sodar masu haɗa sabulu. Amma ko da wasa kada ki ce soda a gaban kowa. Da zarar kin ce soda, Mama za ta ce ai ita ma ta san shi, daga nan rabin digirinki ya tafi.

Ki narka kowanne a ruwansa daban. Ruwan zai ɗau zafi da kansa ba tare da wuta ba, ke kuma ki yi fuskar wadda ta ba shi umarnin hakan. Safar hannu da tabarau dole ne. Soda tana cin fata, ba ta tambayar a wane aji kika fita.

3. Ki ɗauki kofunan da ba a taɓawa

A kowane falo akwai kabad, a cikinsa akwai kofunan gilashi da Mama take ajiye wa manyan baƙin da ba su taɓa zuwa ba. Su za ki ɗauko. Ba a ƙwatar mutunci da kofin roba.

Da Mama ta gan su a kan tebur sai ta dafe ƙirji. "Waɗannan fa ko Babanku bai taɓa shan ruwa a cikinsu ba."

"Mama, yau kimiyya ce baƙuwarmu," in ji Furofesa, ta wuce ba ta waiwaya ba, don ta san abin da za ta gani in ta waiwaya.

4. Kada ki yi rowar garin sinadari

A nan ake faɗuwa. In kika tsinka ruwan da yawa, ba abin da zai fito a gani.

Furofesa ta tara jama'a a falo. Baba a kujerarsa, Mama a tsaye kusa da kofunanta, Kaka a ƙasa ta miƙe ƙafa, Yaya ya jingina da ƙofa yana wasa da sukurudireba. Ta ɗaga kofi ɗaya, ruwa garai-garai. Ta ɗaga na biyu, shi ma haka. Ta juye wannan cikin wancan.

Aka jira. Fanka tana juyawa.

"Masha Allah," in ji Yaya. "An zuba ruwa cikin ruwa, an samu ruwa. Baba, ka ga abin da ake hana ni ɗaki a kansa."

In wannan ta same ki, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce wannan gwajin share fage ne, kowane masani da shi yake farawa. Ki koma ɗaki da tafiyar ƙasaita, ki rufe ƙofa, ki ciji yatsa, sannan ki ƙara gari sosai a kowane kofi.

5. Ki zuba a hankali, idonki a kan Yaya

Karo na biyu, ɗigon farko yana sauka sai wani farin gajimare ya tashi a cikin kofin, ya murɗa, ya bazu, kafin a ce me ruwa ya koma fari fat. Sukurudireban Yaya ya daina juyawa. Ki tsaya ki more wannan shirun, don ba ya daɗewa.

Ki kuma sa ido a kan Kaka. Tuni ta miƙo hannu. "Madara ce? Miƙo in ɗanɗana, 'yar nan."

"Kaka, ba a sha. Ƙona baki yake yi."

"Madarar ce take ƙona baki?"

"Ba madara ba ce."

Kaka ta janye hannu, ta janye ƙafa, ta ja da baya har ta jingina da bango. Ki bar ta haka. Kada ki kwantar mata da hankali.

6. In aka ce ki fassara, ki yi tari

Baba zai gyara zama ya tambaya, "To, mene ne wannan ɗin?"

Ki ce kalsiyam haidiroksaid ne, ki tsaya nan. Furofesa ba ta tsaya ba, don Baba ya ce ta faɗa da yaren mutane, ita kuma an koya mata gaskiya a makaranta.

"Farin da yake kwanciya a ƙasa dangin farar ƙasar shafa wa bango ne. Na saman kuma ruwan gishiri ne, da ɗan ragowar soda."

"Gishiri irin namu?" in ji Mama.

"Irinsa."

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa don dariya. "Shekara da shekaru ana kai ta jami'a, ashe fenti da gishiri take koyo. Baba, duka biyun akwai su a shagon bakin layi."

Baba bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa, ya ce ta yi ƙoƙari. Sannan ya ce a ba Yaya makulli, ita kuma ta kwashe kwalabenta ta kai ɗakin da suke kwana da Kaka.

Ki tsaya a miƙe. Ko hawaye ya zo, tabarau ya rufa miki asiri.

7. Ki bar tsoro ya yi aikinsa

"Ɗakin wa?" in ji Kaka daga jikin bango.

"Naku, Inna," in ji Baba. "Ƙarƙashin gado akwai wuri."

"Ƙarƙashin gadon da nake ajiye ruwan shan maganina? Yarinyar da ta mai da ruwa madara mai ƙona baki ina kallo, ita za ka kwantar min da kayanta a ƙarƙashin kai? In tashi in sha fenti? Ka gaji da ni ne ka faɗa."

Baba ya fara bayani. Kaka ta tuna masa cewa ita ta haife shi. Yaya ya buɗe baki, ta ce shi ya yi shiru, firjinsa da ma matattu ne, ba abin da rana za ta ƙara musu. Ta yanke hukunci cewa kwalabe su zauna inda suke, a ƙara wa ƙofar kwaɗo, makulli kuma kada ya bar hannun mai shi.

Mama ta ce a haɗa da kofunan, ba mai sake shan ruwa a cikinsu. Haka Furofesa ta koma ɗakinta da kofin gilashi a kowane hannu, ta ratsa ta gaban Yaya, ya matsa mata hanya fiye da yadda ake bukata.

Kada ki damu don ba a yaba miki ba. Yabo yana hucewa kafin a share falo, amma wanda ya ji tsoron kwalbarki ba ya sake leƙo miki taga.

Gargaɗi

Wannan jagora ba shi da hannu a ƙunar yatsa, tabon tebur, ko fushin Mama. In gidanku ba Kaka, wannan matsalarki ce, ki nemo aro. In kuma bayan komai ya lafa Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa da buroshi da bokiti, ya ce tunda kin iya farar ƙasa ga katangar gida nan duk ta yi datti, to ba mu san ki ba, ba ki san mu ba. Ki fara daga sama, kuma ki sa safar hannu.