Gwiwar Direba da Idon Tela

"...da mutan gidan? Jiki kam ba na tambaya, wa zai tambayi mai sabon ido jiki!"

Direba ne ya shigo shagon ɗinkin 'yar kawunsa yana jan ƙafa, ya zube kan benci. Ita an cire mata yanar ido a asibitin gwamnati, ko sisi ba ta biya ba. Shi kuwa tun bara yake jiran a kira shi aikin gwiwa, ga mai motar ya ce in ƙafar ta ci gaba da haka ya ajiye makulli. Haushi kamar ya kashe shi, ni dai ban ga laifinsa ba.

"Bawana, matso in gan ka da kyau. Innalillahi! Ashe haka kake da muni? A mayar mini da yanata!"

"Harajina ne a idon nan. Tun ina saurayi ake yankar albashina ana zubawa a asusun lafiya, ke kika kwashe. Ciro mini na hagun."

"Asusun na kowa ne, har 'yan baƙin ciki."

"Na riga ki ganin likitan unguwa, na riga ki a tura ni babban asibiti. Faɗi gaskiya, wa kika sani a ciki?"

"Wa ya ce maka sammako ake bi? Wanda ya fi jin jiki ake fara ɗauka. Da likita ya ce yaya jiki, me ka ce?"

"Me zan ce? Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Da ya murɗa gwiwar fa?"

"Na cije. Namiji ne ni."

"Madalla, namiji ya jira. Ni ce masa na yi na ɗinka hannun riga a jikin wando, na durƙusa na gaida tulin yadi na zata surukata ce."

Direba bai yi dariya ba. Ya shafa gwiwar.

"Jiya na taka birki ƙafar ta ƙi, ga yara suna tsallaka titi. Allah ne ya kiyaye. Wallahi tsoro nake ji."

Ta tsayar da keken ɗinkin cak.

"Gobe likita za ka faɗa wa haka. Ni zan raka ka. Ka sake ce masa da sauƙi, in ɓalla ɗayar."

Sai a nan ya yi dariya. "Na sallama, ranki ya daɗe. Amma ke za ki yi kukan a gaban likita, ni ban iya ba."

"Ka koya kafin gobe. An hana ni jiƙa idon."