Fatalwar Darakta Razana

Allah ya yi wa layinmu baiwa, mu ne dai ba mu da godiya. Shekara goma sha biyu mai hoton nan na kusurwa yana ɗaukar mana hoton fasfo, yana cewa a ɗaga haɓa kaɗan, ashe gwanin fim ne na duniya muke wa kallon hadarin kaji. Sai da ya yi mako uku cur yana karatun harkar fim a wayarsa, kwance a kan bencin shago, sannan gaskiya ta yi halinta. Ya sayi baƙin tabarau, ya naɗa mayafi a wuya ana tsakar zafi, ya raɗa wa kansa suna Darakta Razana.

Daga ranar bai sake duban mutum da ido tsirara ba. Sai ya haɗa yatsunsa huɗu kamar taga, ya leƙo ka ta ciki, ya girgiza kai.

"Tsoro ilimi ne," in ji shi ga masu jiran hoto. "Jahili yana tsorata mutane da ihu. Ni da haske nake yi, da inuwa, da shiru. Fim ɗin da zan yi, wanda ya kalle shi sai ya yi mako bai shiga banɗaki shi kaɗai ba."

Manyan 'yan wasa ba su ɗauki wayarsa ba, abin da ya tabbatar masa cewa tsoron basirarsa suke ji. Don haka ya waiwayo gida. Matarsa ta zama fatalwa. Wanzamin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya zama jarumi. Ƙanin matar, wani jibgegen direban tasi, aka ce ya fito a gawa. Darakta ya nemi gwaggonsa ta fito a mayya, ta ce ya maimaita in ya isa. Bai isa ba.

An yi ɗaukar a ɗakin ajiya na bayan shago da rana tsaka, an toshe taga da barguna. Aka shafe fatalwa da hoda tun daga goshi har wuya, aka lulluɓa mata zanen gado. Aikin wanzami guda ne: ya buɗe ƙofa, ya gan ta, ya ƙwalla ƙara. Ya buɗe, ya gan ta, ya rusuna.

"Ina wuni, matar oga? Ya yara?"

"Yanke!" Darakta ya daka tsawa. "Fatalwa ce, malam! Ta shekara arba'in a kabari!"

Wanzami ya ce shi dai bai iya yi wa matar mutane ihu a fuska ba, ba haka aka rene shi ba. Sau goma sha tara ana maimaitawa. A na ashirin ya daure ya yi ƙarar, sai hoda ta shiga hancin fatalwa ta saki atishawa, gawa daga ƙasa ta ce mata, "Sannu, Yaya." Can wayar gawar ta yi ƙara, ta tashi zaune ta gaya wa fasinja tana nan tafe.

Wani zai karaya. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Darakta ya duba abin da aka ɗauka, ya ce wannan shi ne sabon salo, sai nan da shekara hamsin za a gane shi.

Ranar nuna fim ya kama zauren taro, ya cika shi da dangi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a wurinsa. Ya hau mumbari ya yi jawabin minti arba'in a kan fim na minti ashirin da biyar.

"Masu juna biyu da masu hawan jini su fita yanzu," ya ce. "Ba zan ɗauki alhakin ran kowa ba."

Ba wanda ya motsa. Aka kashe fitila. Minti uku da farawa, wani ya tuntsire da dariya daga baya. Da fatalwa ta fito, silifas ɗinta na wanka suna leƙowa ƙarƙashin zanen gado, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Da gawa ta sosa ciki, wani dattijo ya zame daga kujera yana riƙe da haƙarƙari. Darakta na tsaye a gefe yana gyaɗa kai. Ya raɗa wa wanzami cewa ya karanta wannan: tsoro in ya kai maƙura, dariya yake komawa.

Duk da haka gumi ya jiƙa mayafin wuyansa. Ya bi layukan kujeru da ido yana neman fuska ko ɗaya da ta razana, sai ya hango mahaifiyarsa a layin gaba. Tsohuwa ta ja gyale ta rufe fuska, ta dunƙule wuri ɗaya, ko motsi ba ta yi. Zuciyarsa ta yi fari. Ana kunna fitila ya ruga ya durƙusa gabanta, ya kai mata makirufo baki don kowa ya shaida.

"Inna, gaya musu. Kin ji tsoro?"

Ta ɗan ɗaga gyalen, ta dubi jama'a, ta dube shi.

"Na ji, ɗan nan, wallahi na ji. Tun da aka fara gabana ke faɗuwa, kar wani ya gane ni na haife ka."