Rasuwar Ampili Mai Baki Shida a Hannun Kawu Shu'aibu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba shi da niyyar ɓoyewa, Magaji mai wake na Gazawa yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tuɓe takalmi a ƙofar falonsa, rasuwar ampilinsa, wato baƙin akwatin nan da ke zaune ƙarƙashin tele yana raba sauti ga lasifika shida. Marigayin ya cika ne a filin mitin na Gidan Sori, da rana tsaka, a hannun Kawu Shu'aibu, ɗan takarar konseye, wato kansila. Ba tsufa ba ne, ba wutar lantarki ba ce. Kashe shi aka yi, a gaban jama'a kuma.

Daga Katsina Magaji ya rungumo shi, a kan cinya ya ƙetaro da shi iyaka don kada a jibga masa buhu. Mai ladabi ne tun zuwansa. In an kunna shi sai ya ce “tak”, ya ɗan yi shiru kamar mai gyaran murya, sannan ya ba kowa aikinsa. Manyan biyu na gaba su ɗauki kiɗa, biyu na baya su kawo ruwan sama da takun doki ta bayan ƙeya, ƙaton na ƙasa ya riƙe “duuum” ɗin da ke sa kofin shayi rawa a faranti. Maganar mutane kuwa, ɗan ƙaramin na tsakiya yake miƙa wa ita gaba ɗaya.

Yana da halaye iri-iri, kowanne da maɓallinsa. In ya shiga halin silima, to, a kama zuciya. Chindo tela ya taɓa kifewa ƙarƙashin kujera don an harba bindiga ta bayansa, har gobe yana rantsuwa wai hularsa ya duƙa ɗauka. In aka sa shi halin filin ƙwallo, falo mai tabarma uku sai ya dinga amsa kuwwa. Yana da halin kamun kai, na baki biyu kacal, yana kuma da wanda duk bakunan ke faɗin abu guda, don suna da biki.

Amma ba don waɗannan Magaji yake kuka ba. Mahaifiyarsa, Inna Shatu, kunnenta ya daɗe da yin nauyi, har ta daina zama cikin hira don ta gaji da gyaɗa kai ga abin da ba ta ji ba. Magaji ne ya gano cewa in ya rage na baya da na ƙasa, ya ƙara wa na tsakiya ƙarfi, ya matso mata da shi, magana tana fitowa tas ba hayaniya. Ranar farko ana labaran rana ta juyo ta ce, “Kai Magaji, ashe da gaske sojojin nan za su bar kujera?” Sai da ya fita tsakar gida ya share ido. Daga nan ta koma jin tafsiri da kunnenta, ta koma dariya tare da kowa, ba sai an gama an maimaita mata ba. Ɗan ƙaramin kuwa “nawa” take ce masa, har mayafi ta ɗinka masa saboda ƙura.

Ciwon ajali da babbar riga ya shigo gidan. Kawu Shu'aibu, ƙanin Inna, mutumin da ko tocila aro yake yi, ya zo gaisuwa ya ji halin filin ƙwallo, nan take idonsa ya faɗa kan marigayin. Ya gama gaisuwarsa ya tafi abinsa, munafuki. Sai da ya bari ranar kasuwar Agiye, ranar da ko kaji sun san Magaji ba ya gari, ya dawo da mota ya durƙusa gaban yayarsa. Ya san sarai ba za ta hana shi a idon mutane ba, ya kuma san ɗan 'yar uwa ba ya bin kawu ya karɓe kaya. Inna ta ce ya ɗauka, “amma ka bar mini nawa.” Kawu ya dubi ɗan akwatin ya yi dariya. “Yaya, riƙe abinki. Wannan ɗan firit ɗin ai sai ya sa 'yan adawa su raina ni.” Ya kwashi manyan ya tafi.

A Gidan Sori aka jera lasifika a kan amalanke, aka tada injin wuta, aka jona abin magana. Kawu ya gyara hula ya buɗe baki. Marigayin kuwa yana nan a halin silima inda Magaji ya bar shi, ya tattara muryar cikin biyayya ya aika wa na tsakiya, wanda a lokacin yake Gazawa kan cinyar Inna. Abin da ya fito ta na baya wani ɗan gunaguni ne kamar daga cikin rijiya. Maɓalli ɗaya fa! Da an danna wanda ke sa duk bakunan faɗin abu guda, da yanzu ba a wannan sanarwa. Ina! Sai yaran Kawu suka murɗa ƙarfin sauti har ƙurya. Da bai yi ba, suka ciro wayar ƙatuwar lasifikar masu shela suka murɗe ta a bayansa da haƙori. Marigayin ya yi “ziiii”, ya yi “fut”, hayaƙi ya tashi. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Kawu bai ma lura ba. Ya ci gaba da wurga hannu yana motsa baki har la'asar. Mutanen Gidan Sori suka ce tun da suke ba su taɓa ganin ɗan takarar da bai yi musu alkawarin rijiya ba sai shi, suka zaɓe shi. Wannan ma Magaji bai yafe ba.

A buhun gero aka maido gawar, tana ƙauri. Usmanu mai gyaran rediyo ya buɗe ciki ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce Allah Ya ba da haƙuri. Saƙon Kawu kuwa, ta bakin direba ya zo, wai dama kayan Nasara ba su jure rana. Magaji ya haɗiye amsar da ta zo masa, don kawu ne.

Marigayin ya bar lasifika biyar da suka dawo bebaye, da rimot wanda ba shi da mai saurarensa, da tele wadda ta koma magana ta hanci. Ya kuma bar maraya guda, ɗan ƙaramin na tsakiya, lafiyarsa lau, sai dai babu mai ba shi abin faɗa.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba bayan la'asar zuwa rumfar Usmanu, inda za a ciri abin da zai amfani masu rai. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. Za a karɓi gaisuwa a falon da ya rayu. In sabon konseye ya ga dama ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a rana, a duba hannunsa lokacin fita, in ya fara jawabi kuma kowa ya yi masa irin na Gidan Sori, a kalli bakinsa kawai kamar ba a ji.

Roƙo ɗaya Magaji yake yi ga masu zuwa. Za ku tarar da Inna a kusurwa da ɗan akwatinta a cinya, tana goge shi da gefen zane, tana tambayar yaushe zai sake magana. Kada wanda ya gaya mata cewa riƙe shi da ta yi ne mafarin abin. Ko da yake Magaji ya san ba sai ya roƙa ba. Ko kun faɗa, ba za ta ji ba.