Yadda Ake Shuka Leda a Gonar Gado

Idan ka gaji da wahalar girbi da ɗaukar dami, ga magani. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin 'yan damina kaɗan gonarka za ta daina damunka da hatsi. An jarraba hanyar a nan Matameye. Kawuna Illa, ƙanin mahaifiyata, mai gona ɗaya tilo a hanyar Dungu da baki tara a gida, shi ne gwaninta. Daga wurinsa na koya.

Mataki na ɗaya: ka haɗa komai wuri guda

Toka, kashin awaki, ɓawon rake, sauran tuwo, duk ka zuba a jujin bayan gida. Waɗannan dai taki ne, za su ruɓe su gyara ƙasa, kuma nan haɗarin yake. Don haka ka ƙara musu baƙar leda, ledar ruwan sha, matattun pil, wato batiran rediyo, da fasassun kwalabe. Idan kana da injin niƙa, ka tuttula baƙin mai a kai.

Na taɓa ce wa Kawu, da ɗan ilimina na boko, ya ware mai ruɓewa daban. Ya ce, "Kai ɗan lakwal, juji juji ne. Haka ubana ya kwasa ya kai gona." Gaskiya ne. Sai dai uban nasa a faifai yake sayo nama.

Mataki na biyu: ka kori duk mai son rage maka shara

Za su zo, ka shirya. Hashimu maƙeri zai nemi gwangwanaye ya narka ya zuba tukunya. Wani zai nemi tsohuwar taya ya yanka takalma da guga. Matan da ke renon itatuwa za su nemi ledojin ruwa su cika da ƙasa su dasa bedi da zogale. Kowane ɗayansu, abin da zai kashe maka gona yake so ya mayar abin amfani. Kada ka yarda.

Ranar da Inna Basira, matar Kawu, ta fara tara gwangwanaye a buhu, ya tsaya a kanta.

"Basira, yaushe gidana ya zama bola?"

"Malam, ai bolar nake ragewa."

"Zubar. Kada a ce matar Illa tana tsince-tsince."

Ta zubar. Ka lura da kyau: mutunci ya fi tukunya, ko da babu abin da za a dafa.

Mataki na uku: ka kai gona kafin ruwan fari

Ka ɗauki amalanke ka kwashe jujin nan kaf, ka baza. Kada ka tankaɗe, kada ka tsince. Iska za ta rataye wasu ledojin a kan ƙaya, gonarka ta yi kyau kamar gidan biki. Sauran kuma hauya za ta binne. Su ne irinka na gaskiya. Leda ba ta son taki, ba ta tsoron fari, fara ba ta cinta. Wadda ka binne bana, jikanka zai tono ta da sunan kamfanin a jikinta.

Mataki na huɗu: ka bar awaki su taya ka

Wannan ba ya buƙatar ƙoƙari. Akuya ta san aikinta. Za ta rame, cikinta ya kumbura, ka ɗauka ciki ne da ita, har ka fara zaɓar wa ɗan suna. Mahauci ne zai ba ka labarin abin da ta ɗauka.

Mataki na biyar: ka nemo mai laifi

Gero zai fito rawaya-rawaya. Saiwa za ta sauka ta ci karo da leda ta lanƙwashe, ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga. Kada ka tona ka duba. Ka zauna a majalisa ka lissafa: ruwan bana bai yi ba, iri na zamani ne, meri, hukumar magajin gari, ba ta aiko motar shara ba, masu furoje na ƙungiyoyin agaji sun manta da mu. Idan wani ya nuna maka gonar maƙwabci da ta yi kore a ƙarƙashin sama ɗaya, ka ce kowa da rabonsa, ka nemi a ƙara maka shayi.

Bara, bayan girbi, Inna Basira ta leƙa rumbu ta ce, "Malam, wannan ba zai kai mu sanyi ba."

Ya ce, "Allah ne mai ciyarwa."

Ta ce, "Shi ne. Amma ba shi ya binne leda ba."

Mataki na shida: ka tafi ci-rani da wuri

Tunda rumbu ya ƙare, ka hau mota ka tsallaka Kano tun kafin abokanka su ɗaure kaya. A can akwai sana'a mai kyau. Mutum yana tura kura unguwa-unguwa, yana ware ƙarfe gefe, roba gefe, gwangwani gefe, ya kai a auna. Ita Kawu yake yi duk rani, kuma an ce babu mai saurin hannunsa. Idan ka dawo, ka sa babbar riga ka ce kasuwanci kake. Sharar Kano dukiya ce. Ta Matameye ce ke zubar da girma.

Gargaɗi

Ni dai bayani na yi, ban riƙe wa kowa hauya ba. Idan gonarka ta mutu, akuyarka ta bi ta, ba ruwana. Idan kuma yaranka suka fara kallon tukunyar maƙwabta, kada ka turo su ƙofar gidanmu. Inna Basira ta riga su zuwa da ƙwaryarta ranar Juma'a, ta tsaya a zaure ta kasa ɗaga kai. Mahaifiyata ta auna mata, ta kuma ce a faɗa wa ƙaninta wannan ne na ƙarshe.