Rasuwar Yasmina, Furen Tagar Hajja Zulikha

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Si Lakhdar Benamara na hawa na uku a bene, unguwar tashar jirgin ƙasa a garin Setif, suna sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Yasmina, itaciyar yasmin ta matar gidan, Hajja Zulikha. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin tukunyarta, bayan jinyar da ta faro tun tsakiyar sanyin bana.

Marigayiya 'yar bakin teku ce. Tsawonta bai wuce yatsa ba sa'ad da Zulikha, tana amarya, ta tsinko ta a tsakar gidan mahaifiyarta a garin Bijaya, ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ta cusa cikin kayan aure. Satowa ta yi, ba roƙa ba, domin kowace mace mai hankali ta san reshen da aka ba mutum kyauta ba ya kamawa, sai wanda aka sata. An rushe gidan Bijaya tuni, an kafa shagon tayoyi a wurin, mahaifiyar ma ta riga mu gidan gaskiya. Yasmina kaɗai ta rage daga wancan gida.

An shaide ta da haƙuri da kawaici. Ba a taɓa jin muryarta ba sai in an zuba mata ruwa ƙasar ta ce tsut-tsut, ko in iska ta shigo ganyenta ya gogi gilashi, shaf-shaf. Furanninta sun ƙawata farantin kofi shekara da shekaru, kuma ba Juma'ar bazara da Si Lakhdar ya tafi masallaci babu ɗaya a aljihunsa.

Ta rasu ta bar Hajja Zulikha, da Si Lakhdar wanda ke ɗauko ta daga baranda duk farkon sanyi yana mitar ciwon baya, da wata na'ana'a a kicin da ba ta san ma an yi mutuwa ba. Ta kuma bar 'ya ɗaya, wadda iyalan ke ambata don dole. Tana zaune a ƙofar da ke kallon tamu, gidan Warda matar mai gyaran famfo.

Warda ta shigo aron tukunyar turara kuskus ne wata bazara, ta fita, sai aka ga sabon rauni a jikin marigayiya. Hajja ba ta da bakin magana, tunda ita ma ta wannan hanyar ta samu, sai ta haɗiye, ya zauna mata a ƙirji. A gwangwanin man zaitun aka dasa 'yar, aka ajiye a ɗakin da ko hitar ɗumama ɗaki babu, ana ba ta ruwa in an tuna. Warda ba ta ko goge mata ganye. Amma bana, a tsakiyar sanyi, 'yar gwangwanin nan ta yi fari fat da fure, ƙamshinta yana bin ƙarƙashin ƙofa yana shigowa falonmu ba sallama. Uwar kuwa ko toho.

Daga nan jinya ta soma. Hajja ta janye tukunyar daga taga ta manna ta da hitar gas. Ta ba ta ruwa safe da yamma, ta tula mata dusar kofi da ɓawon ƙwai, har da ƙwayar ciwon kai da aka niƙa. Si Lakhdar ya duba ta saman tabarau ya ce, “Hajja, jinya kike yi ko dahuwa?”

Ta ce, “Kai dai sha kofinka. 'Yar gwangwani ce za ta riga uwarta fure? Ba a gidan nan ba.”

Ganye ya yi ruwan ɗorawa, ya soma faɗuwa kan tayil, ƙaras, ƙaras, kuma wannan ce maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiya. Kan musabbabin rasuwa dai iyalan sun rabu biyu. Si Lakhdar ya ce saiwar ta ruɓe, ya nuna wa kowa. Hajja ta ce ido ne, don Warda ta taɓa yaba ganyen ba ta ce tubarkalla ba, kuma wanda bai yarda ba ya nemi mai dafa masa abinci.

Warda ce ta fara zuwa gaisuwa, da farantin makrud, cincin ɗin dabino, a hannu da fure a gefen ɗankwali. Wannan furen ya fi mutuwar ciwo. Ta ce, “Yaya Zulikha, ki zo ki yanki reshe, ai naki ne.”

Hajja ta dube ta sama da ƙasa. “Ba ni za ki yi? Don ki tabbata shi ma ya mutu?”

Bayan ta fita Hajja ta yi kuka sosai, ta ce ƙamshin tsakar gidan uwarta yana hannun matar da ba ta taɓa ganin Bijaya ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar, a gindin itacen da ke harabar bene, in ƙasar da sanyi ya daskarar ta saki har shebur ya shiga. Ba za a binne tukunyar ba. An wanke ta, an zuba sabuwar ƙasa, an mayar da ita taga, nesa da hita. Ana karɓar gaisuwa a gida, kuma don Allah kada a kawo fure, musamman na roba.

Ranar Alhamis da la'asar Hajja za ta tsallaka mayar da farantin makrud, cikin rigarta mai faɗin hannu. Ƙaramin almakashin gidan ya ɓace tun jiya. Warda ta aiko cewa murhunta ya lalace, kofi yana daɗewa kafin ya tafasa, kuma ita ba ta barin kofi a wuta ta fito daga kicin. Hajja ta ce ta ji, kuma wannan bai sa ta yafe ba.

Duk wanda ya ci karo da ita a bakin ƙofa tana dawowa, ana roƙonsa ya yi mata gaisuwar rashi, kada ya dubi hannun rigarta.