Daddawar Surukata a Ramin Taki

Tun da na koyi haɗa wa tumatirina taki da ɓawon doya, na zama malamin shara a zangonmu na Bawku, har wa'azi nake yi wa maƙwabta.

Wata safiya na tarar da ƙunshi a kicin yana wari. Na sunsuna, na ce wannan ya ruɓe yadda ake so. Na juye shi a rami, na cakuɗa da kashin awaki.

Da rana surukata ta tambayi matata, "Ina daddawar da na ɗauko miki tun daga Yendi?"

Sai na nuna musu ramin.

Har yau in ta bugo waya sai ta ce wa matata, "Tambayi maigidan, tumatirinsa sun samu daddawa, ko in aiko musu gishiri?"