Wakilin Ango da Ƙaiƙayin Tafki

Bari in tona wa kaina asiri kafin matata Indo ta riga ni. Ni mutum ne da ya haye hamsin, ga furfura a gemu, ga ɗan tumbi na mutunci, amma har yau ba na iya ganin ruwa kwance in wuce shi salin-alin. Wasu tsire ne jarabarsu, wasu siyasa. Ni ruwa.

Ranar Talata na raka abokina Mode gonarsa ta albasa, can fadamar da ke hanyar Goronyo. Rabin safiya mun ci shi a layin mai, sauran rabin kuma muna tura babur, domin man da aka sayar mana na kyautata zaton ya taɓa zama maƙwabcin rijiya. Kafin mu isa rana ta take, rigata ta manne da baya. Ga kuma tafki nan gefen gona, ya kwanta luf, ciyawa a bakinsa, agwagin daji suna ta shawagi kamar su suka haƙa shi.

Mode ya ce, “Kai dai ba ka girma.”

Na ce, “Ƙahwa kawai zan jiƙa.”

Na jiƙa ƙafar har wuya. Ban shiga zurfi ba, don gwanintata a iyo ta baka ce. Na zauna nan gefe-gefe cikin ciyawa, inda ruwan ke da ɗumi kamar an dafa wa mai jego. Da na fito kuwa na yi abin da kowane ɗan Wurno ke yi tun zamanin kakanni: na tsaya a rana, na ware hannuwa, na jira Allah ya busar da bawansa.

Kafin la’asar na fara jin kamar ana yi mini tsikari da ƙayar aduwa. Da gari ya waye, ƙafafuna da ciki da gadon baya duk sun feso da jajayen ƙuraje. Ƙaiƙayi irin wanda in ka sosa wuri guda, sauran wuraren su yi fushi su ce su ma ’yan ƙasa ne.

Da makon banza ne da ban dame ku da zancen ba. To amma ranar Juma’a ni ne wakilin da zai tafi Gandi neman wa Zaharadeen aure. Ɗan wana marigayi ne, a hannuna ya tashi, kuma ya daɗe yana bin wata yarinya Mashkura har ya rame. Gidansu yarinyar kuwa an san su da bincike. Ana cewa sun taɓa mai da kayan wani saurayi don kawunsa ya cika tari a zaure. Yanzu ku dubi wakilin da zai shiga yana susa hannu bibbiyu. Mi za su ce ban da zuri’ar masu ƙazuwa ce?

Indo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, wanga ado na bikin na? Ai da ka bari sai ranar ɗaurin aure.”

Na ce, “Laihin hukuma na.”

Ta ce, “Hukuma ta tuɓe maka riga?”

Mata dai ba su cika gane manyan al’amuran mulki ba. Amma ku masu karatu za ku gane, in na ba ku labarin tawul.

Bara, da kukan manoman rani da masunta ya yi yawa kan wannan ƙaiƙayi, Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi. Nan da nan aka kafa Kwamitin Ko-ta-kwana Kan Ƙaiƙayi, aka ba shi ofis mai sanyi a birni, nesa da duk wani tafki, don kada membobinsa su kamu aiki ya tsaya. Sannan Mai Girma Sarkin Yaƙin Buɗe Taro, Garkuwan Masu Wanka, Allah ya ƙara masa kujera, ya tako da kansa cikin jerin motocin da man da suka sha a ranar zai iya ba dukan albasar fadamarmu ruwa har a cire ta. Aka kafa rumfuna, aka yanka ƙyalle a bakin wani famfo da aka ce na ɗauraye jiki ne bayan an fito tafki. Famfon ya kawo ruwa a ranar, na gani da idona. Na kuma ga tankar da ta kawo ruwan tana bin bayan motocin da aka tashi.

A taron nan an ba wata ma’aikaciyar lafiya, Malama Rumaisa, dama ta yi bayani. Ta ce wasu ’yan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya gani, suna fitowa daga jikin dodon koɗi, suna neman agwagwa su shiga jikinta, sai su yi ɓatan kai su faɗa wa ɗan Adam. Ta ce sun fi yawa a bakin ruwa, inda babu zurfi, ga ɗumi ga ciyawa. Ta ce da zarar mutum ya fito, kada ya tsaya rana ta busar da shi, ya goge jikinsa da ƙarfi nan take, in da hali ya ɗauraye da ruwa mai tsabta. Tana cikin cewa “Sannan kuma” sai maroƙa suka hango Mai Girma ya gyara zaman hula, suka ɗauka alama ce, kalangu ya tashi. Ragowar bayanin sai dai a Lahira.

Daga nan aka raba tawul. Tawul ne na gaske, mai kauri, mai laushi, ban taɓa riƙe irinsa ba. Aibinsa guda: an buga fuskar Mai Girma a tsakiyarsa, tun daga hula har gemu, yana murmushi.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai fito daga tafki ya goge hammatarsa da fuskar babban mutum? A gaban jama’a? Mode ya ja ni gefe tun a wurin ya ce, “Kul! Wani shi gan ka kana dirza bayanka da hancin Mai Girma, shi kai rahoto, ran rabon taki ka ji an tsallake sunanka.” Wani dattijo daga Rara ya tambaya ko ya halatta a yi amfani da bayan tawul ɗin, aka ce masa ai ƙeyar Mai Girma ke nan, ita ma tana da alfarma. Haka kowa ya naɗe nasa ya kai gida. Wasu suka rataye a zaure, wasu suka lulluɓe rediyo. Nawa Indo ta saka shi a ƙasan akwati cikin kayan ɗakin ’yarmu Hussaina. Muka ci gaba da shanya kanmu a rana, kwamiti kuma ya ba da sanarwar an ci ƙarfin matsalar. Ni ban ƙaryata ba. Ta yiwu a ofishinsu babu mai susa.

Mu koma kan ƙurajena. Kafin azahar ta Laraba duk unguwa ta zama likita. Wannan ya ce toka, wancan ya ce man shanu, Iliyasu mai faci ya rantse da baƙin man inji. Na ga in na biye musu za a kai ni Gandi a matsayin gasasshe, sai na nemi Malama Rumaisa in karɓi ragowar “Sannan kuma” ɗin nan da kalangu ya cinye.

Ta duba ta ce, “Baba, ba ƙazuwa ba ce, kuma ba ka shafa ma kowa. Zai wuce da kanshi cikin ’yan kwanaki. Ka riƙa ɗora tsumma mai sanyi, ka shafa farin maganin nan na ƙaiƙayi, ga sunan ƙwayar da ke rage shi. Amma kada ka sosa, in ka yaga fata sai ta yi ruwa ta zama gyambo. In ka ji zazzaɓi, ko nan gaba ka ga jini ga fitsari, wannan wata magana ce, tsargiya ke nan, ka dawo da gudu.”

Na ce, “To a ba ni maganin.”

Ta waiwaya ta dubi kantar da ke bayanta, ni ma na duba. Kanta ce mai tsabta ƙwarai, babu abin da ya tare mata iska. Na wuce kemis.

Na shafe jikina fari fat, na zauna tsakar gida kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Zaharadeen ya shigo ya durƙusa, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

“Baffa, ko a ɗaga ranar?”

“In munka ɗaga su ce ba mu da magana ɗaya.”

“To don girman Allah, Baffa, ko mi za ka ji, kak ka sosa. Awa guda ta. In sunka hana ni Mashkura ban san inda zan sa kaina ba.”

Na yi masa alkawari. Na lura tun da na yi shi ban ji nauyin komai ba, sai na gane abin da manya ke ji a kan mumbari lokacin kamfe.

Ranar Juma’a bayan an sauko masallaci muka isa Gandi, ni da ƙanena Sahabi, da goro da alawa. Indo ta sa an danna wa babbar rigata sitaci har tana iya tsayuwa ba ni a ciki. Duk inda shaddar nan ta taɓa ƙurji sai ya farka ya yi salati. Aka yi gaisuwa, aka sha ruwa, sannan aka ce Baffa Almustapha, wan uban yarinya, wanda maganarsa ce yankan ƙarshe, yana son ganin wakili shi kaɗai a zauren ciki.

Na same shi zaune a kan buzu, tsoho mai kwarjini, ya kafe ni da ido ko ƙiftawa ba ya yi. Na zauna na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Ya fara tambaya. Wane ne kakan yaro? Yaushe ubansa ya rasu? Mi yake sana’a? Su wa suka aura daga gidanmu, su wa muka aura? Ina amsawa gumi na bin bayana, yana ratsa ƙurajen ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su. Na cije leɓe. Na karanta duk abin da na haddace. Hawaye suka zubo mini.

Sai ya ce, “To, gidanku akwai wata cuta da ake gado?”

Jama’a, a daidai nan alkawari ya karye. Akwai wani ginshiƙi a bayana mai kaushin yaɓe. Ban san lokacin da na jingina da shi na fara goga baya ba, sama da ƙasa, hagu da dama, irin yadda jaki ke yi da kututture. Hannuwa suka ƙwace, ɗaya ya shige cikin riga, ɗaya ya nufi ƙwauri. Shadda tana ƙara, ƙasa tana zubowa daga ginshiƙi, ni kuwa ina cewa, “Babu, ranka shi daɗe. Lahiya lau muke. Ko ciwon kai ba mu cika yi ba.”

Tsoho ya ci gaba da kallona. Can ya ce, “Ɓeraye sun dame mu ga zauren ga.”

Na ce a raina shi ke nan, habaici ne, ya kira ni ɓera, na kashe wa maraya aure. Na fara shirya abin da zan gaya wa Zaharadeen.

Sai na ji ya ce, “Na ji muryarka tana rawa da kana zancen marigayi. Mutumin da ke kuka don ɗan’uwanshi ba ya wulaƙanta ɗiyar mutane. Mun ba ku. A kira sauran a yi fatiha.”

A hanyar komawa, Sahabi na tuƙi ina bayansa ina susa a fili cikin ’yanci, na ce masa ban taɓa ganin dattijo mai kawaici irin wannan ba. Mutum ya ga wakili yana rushe masa ginshiƙi da gadon baya, ya kau da kai! Na ce irin waɗannan ya kamata a ba mulki, ba masu alkawarin famfo ba.

Sahabi ya rage gudu ya ce, “Wane kawaici? Yanar ido ta rufe mishi duka biyu, ba ya gani. An rubuta sunanshi cikin waɗanda za a yi ma aikin ido kyauta tun kafin zaɓen da ya wuce. Har yau yana jiran mota.”